Kafin Ki Biya Malamin Lesin

Amaryar Kaka, labari ya iske ni. Kishiyarki ce ta tsegunta mini ina alwalar la'asar, wai takardar maikurobayoloji ta kayar da ke, kin kwana biyu kina kumbure-kumbure, ko tuwon zafi aka ajiye miki sai ya huce a kwano. Ta ce har kin kwafo lambar wani malamin lesin a jikin falwaya a bakin kasuwar Aboabo, jira kawai kike babanki ya turo kuɗi ta Momo. To, ki ɗan dakata. Ban hana ki neman malami ba, ni ma a hannun malami na koya. Amma na yi shekara talatin da 'yan kai ina leƙen madubin likita a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, har idona na dama ya riga na hagu tsufa, don haka ina da ta cewa a wannan fanni, ko da kin ɗauke ni tsohon da bai iya komai ba sai cin goro.

A wurin aikinmu ba a rubuta magani sai an ɗebi jini an duba. Ke ma kafin ki nemi mai gyara, ki san abin da ya lalace. Ɗauko littafinki ki karanta shafi ɗaya a bayyane, ki rufe, ki faɗa wa ƙanwarki abin da ya ce da Hausa ko da Dagbani. In kin kasa, to ba ƙwayoyin cuta ne suka kayar da ke ba tukuna, Turancin littafin ne, kuma malamin da zai yi miki amfani daban ne. Da yawa cikin yaran da aka riƙa turo mana koyon aiki, ramin da ke ƙarƙashinsu ilimin sinadarai ne na sakandare da suka tsallake da hadda. Yaron da bai san bambancin asid da kishiyarsa ba, yaya za a yi ya gane dalilin da ya sa ruwan gwaji ya sauya launi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya kwana a ɗakin ana ruwa.

In kuwa Turancin ya zauna, sinadaran ma ba laifi, to na san ciwonki, domin na yi shi. Kina haddace sunan abin da ba ki taɓa gani ba.

Bari in ba ki labarin rinin Giram, wanda na tabbata ya fito muku a jarrabawa, don ba ya taɓa fashi. Wani likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Giram ne ya fito da shi a 1884, kuma har gobe da shi ake fara tantance bakteriya. Za ki shafa abin da za a gwada a kan ɗan gilashi, ya bushe, ki gitta shi a kan harshen wuta don ya kama. Ki zuba rini shunayya, minti guda, ki ɗauraye. Ki zuba aidin, shi ma minti guda. Sai sipirit, na 'yan daƙiƙoƙi kawai, sannan jan rini a ƙarshe. Ki ɗiga mai, ki sauko da idon madubin da ke girmama abu sau 1,000. Ƙwayar da bangon jikinta ke da kauri tana riƙe rinin farko, ta fito shunayya. Mai siririn bango sipirit yana wanke ta, sai ta ɗauki na biyu, ta fito ja-ja. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Daboya ya ga yadda wani zare ke shan baba wani kuma ke zubarwa, ya riga ya fahimci rabin karatun.

A takarda layi biyar ne. Ranar da na fara yi da hannuna, ina saurayi mai ji da kansa, na bar sipirit ya daɗe ina hira. Na leƙa, komai ja. Na ɗauki biro zan rubuta sakamako, sai maigidana a wurin aikin, Allah Ya jiƙansa, ya dafa kafaɗata. Bai ce na yi kuskure ba. Cewa ya yi, “Yaro, faɗa mini abin da ka yi, daga farko.” Na fara lissafi, ina zuwa kan sipirit na ji muryata ta yi ƙasa da kanta. Ya miƙo mini sabon gilashi ya koma kujerarsa. Sau huɗu na sake a ranar. Shekaru bayan haka, lokacin sanƙarau na 1996 zuwa 1997, wanda ya kama mutum fiye da 18,000 a ƙasar nan ta Gana, ya kashe fiye da 1,300, akasari a nan arewa, ruwan ƙashin baya ake kawo mana cikin 'yan kwalabe, ga zafin bazara, ga iyaye tsaye a baranda. In kin ga ƙwayoyi ja-ja bibbiyu, kamar wake biyu sun fuskanci juna, Neisseria meningitidis ce. In shunayya ne bibbiyu masu ɗan tsini, wata ce daban, Streptococcus pneumoniae. Likita yana jiran abin da idonki ya gani. A kwanakin nan ban taɓa ɗaukar kwalbar sipirit ban ji nauyin hannun mutumin nan a kafaɗata ba.

Irin wannan malamin nake so ki nema. Ki lura, a labarin nan ni na yi ta magana, shi kuwa saurare ya yi. Malamin lesin da zai zo ya tsaya gaban allo awa biyu yana zuba, kina gyaɗa kai kina kwafa, ya maimaita miki ajin da kika riga kika faɗi ne, sai dai wannan karon da kuɗin babanki. Kunnensa za ki saya. Bayani kam yana cikin littafi, yana cikin wayarki ma kyauta. Abin da littafi ba zai yi miki ba shi ne ya ji ki kina karantawa ya ce, tsaya, nan ne kika karkace.

Mu ba baƙin wannan tsari ba ne. Haka ake karatun zaure tun kafin a haifi boko a ƙasar Dagwamba. Ɗalibi ya zo da Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ya zauna gaban malam, shi zai ja baƙi, malam ya fassara ya gyara, kuma ba a ƙara masa sai na jiya ya zauna. Haka Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga sannan ya koma Karaci inda ya rasu a 1934, ya yaye malaman da suka bazu a zangunan ƙasar nan. A nan Tamale ma makarantar Ambariyya ta Afa Ajura daga ƙaramin zaman karatu ta tashi. Kuma a cikin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda ake karantawa a zaurukanmu, akwai babi guda a kan zaɓen malami, har da shawarar baƙon ɗalibi ya yi wata biyu yana dubawa yana shawara kafin ya zauna gaban wani, don kada ya fara ya bari. Ke ba ki da wata biyu, jarrabawar maimaici na tafe. Amma mako guda ba zai kashe ki ba.

A makon nan ki yi tambaya. Tamale ba ta rasa masu sanin fannin nan ba. Ga jami'ar UDS da aka kafa a 1992, da makarantar likitancinta da ta masu gwaje-gwaje a Dungu, ga harabarta ta Nyankpala inda masu nazarin noma da abinci ke fama da waɗannan ƙananan halittu ta wata fuskar. Ga babban asibitin koyarwa, wanda aka buɗe tun 1974, cike da ma'aikatan da kullum hannunsu na cikin rini. Ga masu bautar ƙasa da suka gama bara, karatun bai huce a kansu ba, aljihunsu kuma yana maraba da ɗan ƙari. Ki fara da 'yan ajin gaba da ke, musamman wadda ta taɓa faɗuwa takardar nan sannan ta ci. Ita ta san wanda ya ɗaga ta. Wanda bai taɓa faɗuwa ba sau da yawa bai san inda ramin yake ba, tsallakewa ya yi bai lura ba. In ɗalibin jami'a kika samu, ki tambayi kalandarsa, domin UDS tana tura ɗalibanta ƙauyuka aikin zango na uku, kada ya tafi ya bar ki ana saura mako biyu jarrabawa.

In kin samu, ki roƙi zama ɗaya na gwaji, ki biya na ranar kaɗai. Ki tambaye shi yaushe rabonsa da riƙe madubin likita. Ki tambaye shi me ya sa ake ajiye farantin shuka ƙwayoyi a akwatin ɗumi a kan digiri 37. Amsar gajera ce, zafin jikin ɗan Adam ke nan, ƙwayar da ke cutar mutum a nan take jin daɗin hayayyafa. Idan ya amsa a sauƙaƙe, madalla. Idan ya juyo da tambayar kanki ya sa kika lalubo amsar da bakinki, riƙe shi da hannu biyu. In kuwa ya rufe ki da dogon Turanci har kika ji kunyar sake tambaya, ki yi masa godiya, ki ba shi kuɗin hawa keken yalo-yalo. Kuma kada yawan takardun shaida ya ruɗe ki. Mutumin da ya fara ganin bakteriya a duniya, Lewanhuk na garin Delft a Holan, wajen 1676, mai sayar da yadi ne, bai shiga jami'a ba, da hannunsa yake goge gilasan da yake leƙawa.

Wata alamar kuma, malamin kirki yana jawo karatun ya kawo shi tsakar gida. Sunayen nan da ke firgita ki siffa ce kawai aka faɗa da Girkanci: Streptococcus ƙwayoyi ne a jere kamar carbi, Staphylococcus kuwa a cure kamar nonon inabi. Warin daddawar da kishiyarki ke sakawa a miya aikin Bacillus subtilis ne a jikin kalwa. Tsamin nono da na koko aikin wasu ne masu mai da zaƙi tsami. Kurkunun da ke cikin littafinki, ni na ga manoma kwance da shi damina guda, ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan. Ɗan mitsitsin ƙwaron ruwan tafki ne ke ɗauke da 'ya'yanta, a sha yau, sai kusan shekara ta fito a ƙafa. Na ƙarshe da aka gani a Gana a Diare ne, nan hanyar Walewale bayan Savelugu, a 2010, kuma a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi. Da tace ruwa da sanin rayuwar tsutsar aka ci wannan yaƙi, domin ba ta da allurar rigakafi. Wanda ya koya miki haka ba za ki manta ba ko an tashe ki daga barci.

Maganar kuɗi kuwa, kada ki biya na zango guda a dunƙule, komai daɗin bakinsa. Ƙarshen mako ko ƙarshen wata ya isa. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku raba nauyin, ya fi sauƙi, kuma wata za ta yi tambayar da ke kike jin nauyin yi. In kun wuce biyar kun koma aji. Wurin zama kuma ya kasance zauren gidanku ko ɗakin karatu na makaranta, da rana, inda ake shiga ana fita. Ba sai na yi dogon bayani ba, ke ba yarinya ba ce. Na waya da ba ki taɓa ganin fuskarsa ba, mai cewa a turo Momo tukuna, ki bar shi da Allah. Bidiyon YouTube kam ki kalla, wasu sun fi malaman zamaninmu iya zane, sai dai bidiyo ba ya jin kuskurenki.

Akwai wanda zai raɗa miki cewa yana da apo, wai tambayoyin jarrabawa sun biyo ta hannunsa, ko ya ce kawo aikin gidan in rubuta miki. Wannan ki tashi ki bar masa wurin ko takalminki ba ki gama sawa ba. Ke aikin jinya kike koyo. Wata rana ƙarfe biyun dare za a miƙo miki yaro wuyansa ya sanƙare, babu wanda zai raɗa miki komai.

Abin da na faɗa ya shafi ƙaninki ma, da uwarku ke neman wanda zai yi masa lissafi kafin WASSCE. Tun da aka fara sakandare kyauta a 2017, aka kuma shiga karatun karɓa-karɓa a 2018, yara suna daɗewa a gida, sai estira-kilas ya cika gari, kowane shago da allo. A cikinsu akwai na ƙwarai. Ta leƙa littafinsa bayan mako biyu kawai. In rubutun malam ya fi na yaron yawa, an yi asarar kuɗi. In ta ga yaron ya yi, an soke da jan biro, ya sake, an sake sokewa, to ana aiki.

Ranar Asabar bayan azahar ki zo da littafinki da duk abin da kika tuna na tambayoyin da suka kayar da ke. Zan shimfiɗa buzu a zaure in saurare ki, daga shafa gilashi har ɗiga mai, mu ga inda muryarki za ta yi ƙasa. Daga nan sai mu san irin malamin da za a nema, in ma ana bukatarsa. Ladan zaman goro biyu ne, farare, kuma kada ki ba kishiyarki ajiya, ba ya isowa.