Darasi: Launin Dabba da Asirin Gado

'Yan'uwa, a garkunan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa akan ga baƙar saniya ta haifi jan maraƙi, alhali bijimin da ya hau ta baƙi ne. Daga nan sai zargi ya tashi, a ce bijimin maƙwabci ne ya kutsa garke. Kafin mu ɓata zumunci, bari mu fahimci yadda gado yake tafiya.

Littafin Farawa sura 30 ya nuna cewa tun zamanin Yakubu makiyaya suke lura da launin awaki. Amma wanda ya gano ƙa'idar shi ne Fada Gregor Mendel, na ƙungiyar Waliyyi Agustin a birnin Brno, cikin ƙasar Cek ta yau. Ya yi gwaji da wani irin wake na Turai, ya wallafa sakamakonsa a 1866, duniya kuwa ba ta kula ba sai a 1900.

Ga ƙa'idar: kowace siffa tana da ƙwayoyin gado biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, wata kuwa takan ɓuya. A shanu baƙi yana rinjayar ja. Idan uwa da uba duka suna ɗauke da ja a ɓoye, kimanin ɗaya cikin 'ya'ya 4 zai fito ja.

Da zaɓen iri kakanninmu suka tabbatar da farar Bunaji mai baƙin kunne, da Uda mai launi biyu, da jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai.

To, yadda launi yake ɓuya, haka wasu lahani suke ɓuya. Idan bunsuru ya riƙa hawan 'ya'yansa, ɓoyayyun ƙwayoyin sukan haɗu, a sami raunanan 'ya'ya da ƙarancin haihuwa. Saboda haka kada mu kai bunsuru mafi kyau kasuwa lokacin Kirsimeti ko Sallah, mu bar kumama ya zama uban garke. Mu riƙa musayar maza da ƙauyukan maƙwabta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Tambaya don tattaunawa: shekara nawa bunsurun gidanku ya yi ba a sauya shi ba?