Barci a Matsayin Aikau: Tsokaci Kan Gajiya da Rashin Barci

A wannan ɗan rubutu ina so mu dubi wani abu da kusan kowane ɗalibi ya sani, wato mutum ya gaji tiɓis amma ya kwana bai runtsa ba. Nahawun Hausa kansa ya yi mana bayanin matsalar.

Mu dubi waɗannan jimloli: "Na gaji." "Barci ya ɗauke ni." "Barci ya ƙaurace wa idona." A jimlar farko mai magana shi ne aikau. A ta biyu kuwa barci ne aikau, mai magana ya koma karɓau. Gaskiya ne ana cewa "na yi barci", amma idan ana maganar shigarsa, sai Bahaushe ya mutunta shi: ya zo, ya kwashe, ya sace, ko ya ƙi zuwa. Shi ya sa ake kiran sa ɓarawo. Haka kuma kwana daban, barci daban, domin mai kwanan zaune ma ya kwana.

A ganina wannan mutuntarwa ta dace da binciken likitoci. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke jawo gyangyaɗi. Sinadarin kafin da ke cikin goro da shayi da kofi yana toshe masa hanya, kuma rabinsa yakan kai kimanin awa 5 a jiki. Saboda haka ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe da ya sauka Tudun Wada wajen mai shayi bayan isha'i don karatun jarrabawa, gajiyarsa tana nan, amma ya kori ɓarawon da kansa. Fargabar jarrabawa tana ƙara sinadarin kotisol, hasken waya kuma yana jinkirta melatonin.

Ga kuma zafin Gombe na Maris da Afrilu, wanda kan kai digiri 40 da rana. Jiki yana buƙatar zafinsa ya ɗan sauka kafin barci ya samu shiga, ɗaki kuwa yana riƙe da zafin yini, balle an ɗauke wuta.

Abin da masana ke shawarta ya bi ma'anar jimlar: ba a tilasta wa aikau. Idan an yi kamar minti 20 ana juyi, a tashi a zauna cikin rangwamen haske har gyangyaɗi ya zo. Idan abin ya kai dare 3 a mako har wata 3, a nemi likita.