Sauya kalma ba tare da bambanta babban harafi da ƙarami ba

Idan a fayil ɗinka an rubuta "Intanet", "INTANET" da "intanet" barkatai, kada ka wahalar da kanka wajen bin su ɗaya bayan ɗaya. A Linux, fara dubawa da grep -i intanet labari.txt, domin -i na sa grep ya ɗauki babban harafi da ƙarami abu guda. In ka gamsu, sai ka sauya da sed -i.bak 's/intanet/yanar gizo/gI' labari.txt.

A kula: a sed na GNU, harafin I na ƙarshe ne ke wannan aiki. Ita -i kan fayil ɗin kansa take rubutu, .bak kuma ke ajiye maka kwafin asali. Don ƙ ta dace da Ƙ, tabbatar saitin harshen na'urarka yana kan UTF-8. Rigakafi ya fi magani.