DARASIN KIMIYYA: ZAFI, SANYI DA JININ TUMAKINMU

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, a gidajenmu na Kakuri da Makera da Barnawa da wuya ka rasa tunkiya ko rago a ɗaure. To, darasinmu na yau shi ne: wahalar zafi da ta sanyi tun a cikin jinin dabba take farawa, kafin ido ya gan ta.

Tumakinmu na gida iri uku ne suka fi shahara. Akwai 'Yanƙasa, farare masu baƙi a zagayen ido da baki. Akwai Uda, gaba baƙi ko ja, baya fari. Sai Balami, manya, waɗanda suka fi yawa a ƙasar Barno. Dukansu gajeren gashi gare su, wanda ya dace da ƙasarmu. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, wadda aka kafa a 1976, tana nazari a kansu, haka ma likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello.

Shi jini kashi-kashi ne: ruwan jini, da jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iskar numfashi zuwa gaɓoɓi, da fararen ƙwayoyi, wato sojojin jiki. Zafin jikin tunkiya mai lafiya kuwa wajen digiri 39 ne, kuma jini ke taimakawa ya tsaya a nan.

LOKACIN BAZARA

A Maris da Afrilu zafin Kaduna kan wuce digiri 35. Sai jijiyoyin fata su buɗe, jini ya taso sama don ya huce, dabba ta shiga haki. Hakin nan yana tafiya da ruwan jiki. In babu ruwan sha, jini ya yi kauri, zuciya ta sha wuyar tura shi. Ga shi kuma dabba ta rage ci, sai rama. In wahalar ta daɗe, wani sinadari mai suna kotisol ya ƙaru a jini, ya raunana sojojin jiki, cuta ta sami ƙofa.

LOKACIN HUNTURU

A Disamba da Janairu abin juyawa yake. Jijiyoyin fata su tsuke, jini ya koma ciki, dabba ta yi ta karkarwa tana ƙona sukarin jininta don ta ji ɗumi. Babbar tunkiya mai ƙoshi tana jurewa. Amma ɗan da aka haifa da daren hunturu, in bai sha nonon fari da wuri ba, sukarinsa na iya ƙarewa ya mutu kafin asuba. Ƙura kuma ta kawo tari da majina.

INA RUWANMU DA WANNAN?

A 2025 an yi Babbar Sallah ranar 6 ga Yuni, kuma kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11. Ke nan kiwon ragon layya yana ƙara shiga tsakiyar bazara. Kun dai karanta a fiƙihu cewa dabbar da ciwonta ya bayyana, ko wadda ta rame ƙwarai, ba ta isar wa layya. Ban da haka, dabba amana ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha.

ABIN YI

1. A yi wa dabba rumfa mai iska, kada a ɗaure ta a rana ko ƙarƙashin gajeren kwano.
2. Ruwa mai tsabta kada ya yanke.
3. Da bazara a ba da harawa da dusa da sassafe da yamma.
4. Da hunturu a tare iska da zana ko buhu, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa.
5. A riƙa duba cikin fatar ido: in ya yi fari fat, jini ya yi ƙaranci. A tsunkuli fatar wuya: in ba ta koma da sauri ba, ruwan jiki ya ragu. Sai a nemi likitan dabbobi.

TAMBAYOYI

(a) Me ke sa jini ya yi kauri da bazara?
(b) Don me ɗan tunkiya ya fi uwarsa shiga haɗari da hunturu?

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu zama masu tausayin bayinSa. Wallahu a'alamu.