Sienna Mai Rabon Burodi: A Gyara Ko a Rabu da Ita?

Wani mai gidan burodi a Kano ya aiko da tambaya. Yana da Toyota Sienna ƙirar 2005, tokunbo ya saye ta, ya cire kujerun baya. Kullum da asuba tana fita rabon burodi shago-shago, da yamma kuma akan tura ta Kasuwar Singa ta ɗauko fulawa da sukari. Mita ta nuna 230,000. Yanzu giya na jinkirin shiga idan mota ta ɗauki zafi, baya ya zauna, ga shan mai. Yana son ya san ko ta ƙare ya rabu da ita, ko da sauran aiki a jikinta.

Alhaji, kafin komai sake duba lambar nan ta mita. A Amurka ake ƙera Sienna, kuma wadda aka hau a can da mil take ƙirga tafiya, ba da kilomita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da 'yar ɗoriya, wato 230,000 ɗinka ta kai kilomita 370,000. Wannan bambanci yana cin mutane a wajen juye. Bakanike zai canza baƙin mai ya ce a dawo bayan 5,000, shi kilomita yake nufi, direba kuma ya zuba wa mita ido har ta ƙara 5,000, ashe man ya yi kilomita 8,000 a cikin injin.

Duk da haka lambar ba ta tayar min da hankali ba. Injin V6 na wannan mota yana wuce haka idan ya samu kulawa. Matsalar ita ce mita ba ta san irin aikin da motarka ke yi ba. Sienna da ke jigilar fasinja daga Kano zuwa Abuja tana ɗora ƙafa kan kwalta ta yi ta gudu a giya ɗaya, iska na ratsa lagireto, a kunna ta sau ɗaya a kashe sau ɗaya. Taka kuwa tashi ne da tsayawa. Direba ya faka a ƙofar shago bai kashe ba, yaro na sauke kaya, mai shago na neman canji, injin na ta juyawa, mita ba ta motsa ba. A yi haka a shago arba'in, a haɗa da cunkoson Sabon Gari. Sa'o'in da injin ya yi yana aiki sun fi abin da mita ta rubuta nesa ba kusa ba. Saboda haka motar rabo ba a yi mata juye da lissafin motar gida: kilomita 5,000 ko wata uku, wanda ya riga zuwa.

Kuma ka duba murfin baƙin mai, a jikinsa aka rubuta 5W-30. Garejinmu sun saba da 20W-50, ana cewa ƙasarmu da zafi sai mai kauri. Wannan injin yana da na'urar VVT-i da ke aiki da matsin mai ta cikin ƙananan hanyoyi, mai kauri kuwa yana jinkirin isa sama da asuba, daidai lokacin da motarka ke fita. Idan injin ya tsufa ya fara cin baƙin mai, a ɗan ƙara kauri zuwa 5W-40, kada a yi tsalle zuwa ƙarshe. A saye shi a rufe a wurin dila amintacce, a bar na awo a bakin titi.

Sai lodi, wanda nake zargi fiye da komai a cikin labarinka. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda manne da ta faɗi nauyin da motar za ta ɗauka. A irin wannan Sienna abin yana tsakanin kilo 500 da 600 ne, kuma har da direba da yaronsa a ciki. Burodi ba shi da nauyi, ko ka cika ta har rufi ba ta sani ba. Fulawa ce ke kashe ta. Buhu 15 masu kilo 50 sun yi kilo 750, ba a sa sukari ba, ba a sa mutum biyu da ke gaba ba. Masu rabon fiya wata su ma su yi nasu lissafin: leda ɗaya mai ƙulli 20 kilo 10 ce, leda 100 tan guda ke nan cur. Cire kujeru yana ba da fili, amma nauyin da ya rage ɗan kaɗan ne, kuma sifirin da birki da giya suna nan yadda kamfani ya ƙera su don iyali da jakunkunansu.

Abin da ke biyo baya ga shi. Sifirin baya ya gaji ya zauna, kamar yadda ka gani. Shokazoba ba ta da sauran wurin motsi, kowane rami sai bodi ya sha dukan kai tsaye. Boris ɗin ƙafar baya ya fara gurnani. Sienna da ƙafafun gaba take ja, to idan baya ya nutse gaba ya ɗaga, tayoyin da ke ja, su ne kuma ke juya mota, sun rage kama ƙasa. Wasu sukan sa a cusa roba a tsakanin sifirin, ko a sa na wata mota mai ƙarfi, baya ya ɗago a ce an gyara. Ido ne kawai aka gyara wa. Boris da birki da giya suna ɗauke da nauyin da suke ɗauke da shi tun farko. Sa sabon sifirin da shokazoba irin nata, sannan a raba ɗaukar fulawa sawu biyu, ko ka ba mai a-kori-kura. Idan kaya masu nauyi dole ne, a jera su a tsakiya, bayan kujerar direba, ba a ƙarshen but ba.

Jinkirin giyar nan shi ya fi buƙatar gaggawa. Giya mai canza kanta da mai take aiki, kuma duk tashi daga tsaye da lodi yana dafa man. A wannan mota man giya yana bi ta cikin lagireto ya huce, don haka duk ranar da injin ya yi zafi fiye da kima, giya ma ta sha rabonta. Zaro sandar gwajin man giya bayan mota ta yi zafi, injin na aiki, ka ɗiga a kan farar takarda. Ja garau, lafiya. Ruwan ƙasa, ya gaji. Baƙi mai ƙaurin ƙonewa, ko ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, to faifan da ke cikin giyar sun fara cinyewa, canjin mai zai iya saya maka lokaci amma ba zai dawo da abin da ya tafi ba.

Idan bai kai nan ba, a kwance ƙasa a zubar da abin da ya fito, a wanke tiren da maganaɗisun da ke cikinsa, a canza matata, a cika. Abin da ke fita bai kai rabin man ba, saura yana cikin giya, shi ya sa ake maimaitawa bayan an yi tafiyar mako ɗaya ko biyu. Ban yarda a ɗora tsohuwar giya a injin wanki mai tura mai da ƙarfi ba. Man kuma ba kowane ja ba ne. Ƙirar 2004 zuwa 2006 tana shan T-IV, daga 2007 aka koma WS, kuma littafin motar ya faɗa. Man giya da bai dace ba yana haddasa irin wannan jinkiri da fizga, sai a ɗora wa giya laifi a sauke ta a banza. Mai niyyar ci gaba da aiki da motar ya ƙara ɗan ƙaramin lagireton man giya a gaba, kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin giya ba. Sannan a zaunar da direba. Jefa giyar gaba alhali mota na gangarawa baya, da riƙe ta a kan tudu da totur maimakon birki, ɗabi'u ne na mai sauri, kuma mai rabon burodi kullum cikin sauri yake.

Shan man da ka ambata, ina da abin da nake zato. Tambayi bakanikenka ko tamostat na nan. Da wuya tokunbo ta shekara a hannunmu ba a cire shi ba, a haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga kunna mota, a cika lagireto da ruwan rijiya. Hujjar ita ce don ƙasar sanyi aka yi shi. Ba haka ba ne. Aikinsa ya riƙe injin a zafin da aka tsara masa. Idan babu shi, injin yana daɗewa bai kai wannan zafi ba, musamman da asubar hunturu, kwamfutar mota kuma ta ga injin da sanyi sai ta yi ta ƙara fetur. Rarar fetur tana wanke man da ke jikin silinda, ta gangara ta tsinka baƙin mai. Ka biya a gidan mai, ka sake biya a ringi. Fankar da ba ta hutawa kuma wata rana za ta mutu, galibi a watan Afrilu cikin cunkoso, lokacin da zafin Kano ya haura 40. Ruwan rijiya yana barin ƙasa-ƙasa da ke toshe lagireto, yana kuma cin injin da aka yi da alminiyam. A mayar da tamostat, a mayar da fanka kan wayarta, a wanke a zuba ruwan sanyaya injin na gaskiya. A duba saman lagireto, roba ce, idan baƙinta ya koma ruwan ƙasa ta kusa tsagewa. A canza murfinsa, don shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa da wuri. Akwai kuma bututun ruwa da suka bi ta ƙarƙashi zuwa hitar baya, can yoyo ke ɓuya.

Ka kafa wa direba doka ɗaya: allurar zafi ta haura, ya tsaya ya kashe, ko da burodi zai kwana. Kada ya buɗe murfi da zafi, kada ya kwara ruwan sanyi. "Bari in ƙarasa shagon can" ita ce ke ƙona gaskit ta lanƙwasa tof silinda. Sai dai dokar ba za ta yi aiki ba idan direba ya san duk ranar da mota ta kwana a gareji ba shi da ko sisi. Irin wannan direba zai ji ƙara ya ƙara sautin rediyo.

Ƙirar 2004 zuwa 2006 mai injin lita 3.3 da bel take tafiyar da lokacin injin, kuma Toyota ta ce a canza shi duk mil 90,000, kusan kilomita 145,000. Bel ɗin ba ya kuka kafin ya tsinke, kuma idan ya tsinke a guje ɓarnar tana iya kaiwa cikin injin. In ba ka da tabbacin ranar da aka canza shi, ɗauka ba a canza ba. A haɗa da famfon ruwa da abin ɗaure bel ɗin a aiki ɗaya, tunda wuri guda ake kwancewa. Masu ƙirar 2007 zuwa 2010 mai lita 3.5 sarƙa gare su, sun huta da wannan, amma su sa a duba bututun baƙin mai da ke da gaɓar roba, wanda ya yi suna wajen fashewa, a sa na ƙarfe zalla.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Matatar iska a lokacin ƙura a duba ta duk mako biyu, kuma hura ta da iskar mai faci yana huda takardar. Robar shaf idan ta yage a canza a ranar, kafin yashi ya shiga. Ƙofar gefe mai lantarki a kashe makunninta a riƙa ja da hannu, a goge layinta, don giris da ƙura idan suka haɗu su ke cinye ƙafafunta. Taya tana da lamba huɗu a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, kuma tayar Beljiyam da ta tsufa ba abin ɗora wa lodi ba ce. Kada a riƙa yawo da tanki a ƙasa, famfon fetur a cikin man yake hucewa.

Batun sayarwa kuma, kada ka yanke shi da jin kunne. Sa a gwada matsin kowace silinda cikin shida, a auna yawan baƙin man da take ci tsakanin juye da juye, a duba ko lagireto na tayar da kumfa idan injin na aiki. Sannan a ɗaga ta a shiga ƙarƙashi da fitila. Motocin da suka fito daga jihohin Amurka masu ƙanƙara sun sha gishirin da ake zuba wa titi, tsatsa na cin su ta ƙasa. Idan ƙarfen da ke riƙe ƙafafu ya ruɓe, ko bodi ya tsage a inda sifirin baya ke zama, rabu da ita, walda a nan ba ta riƙe lodi. Idan ƙasa lafiya take kuma matsin silinda ya zo daidai da juna, ka riƙe abarka. Ko giyar ta mutu gaba ɗaya, ana samun ta Beljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa, kuɗinta bai kai na wata motar ba, wadda ba ka san tarihinta ba, wataƙila ma an mayar da mitarta baya. In za ka sayi giyar, ka sa sharaɗin kwanakin gwaji a rubuce, kuma a wanke layin mai da lagireto kafin a ɗaura ta, don kada dattin tsohuwar ya shiga sabuwar.