Tace Fim ɗin Ɗalibi da Manhajar Kwamfuta: Darasi daga Hirarrakin Birnin Gwari

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matakan da ɗalibi zai bi wajen tace gajeren fim ɗin haƙiƙa da manhajar kwamfuta, inda ta ɗauki hira da mutanen Birnin Gwari a matsayin misali. Maƙalar ta nuna cewa wurin da aka yanke magana shi ke tabbatar da ma'anarta ko ya sauya ta, don haka sanin nahawun Hausa yana cikin kayan aikin mai tacewa.

1.0 Gabatarwa

A masana'antar finafinan Hausa ana kiran mai yankawa da haɗa hotuna "mai tace hoto". Da wannan kalma ta "tace" aka raɗa sunan Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Ayyukan biyu sun bambanta, amma sun yi tarayya a abu guda: kowanne yana hukunta abin da mai kallo zai gani da wanda za a zubar.

Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, ana tace bidiyo ne ta hanyar kwafa daga kaset zuwa kaset, fitowa bayan fitowa, kuma gyaran tsakiya yakan tilasta a sake abin da ya biyo baya. A yau manhajoji irin su Adobe Premiere Pro da DaVinci Resolve, wadda ke da nau'in kyauta, sun ba ɗalibi damar ɗaga kowace fitowa ya kai ta inda ya so ba tare da ya taɓa ainihin abin da ya ɗauko ba. Sauƙin yankan ne ya ƙara nauyin amanar da ke kansa.

2.0 Dalilin Zaɓar Birnin Gwari

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, tana iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina, kuma a cikinta dajin Kamuku yake, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. Yankin ya daɗe yana fama da 'yan bindiga. A Nuwamban 2024 gwamnatin Uba Sani ta yi sulhu da wasu daga cikinsu, aka sake buɗe kasuwar shanun garin bayan shekaru tana rufe. Ɗalibin da ya naɗo muryar manomi da makiyayi da dillalin kara a irin wannan wuri ya dawo da maganganun da kuskuren yankansu zai iya jawo wa masu su fitina.

3.0 Matakan Aiki

Matakin farko shi ne adanawa. A kwafe duk abin da aka ɗauko a wurare biyu kafin a buɗe manhaja, a ba kowane fayil suna mai nuna rana da wuri, a raba hira daban, hotunan gari daban, sauti daban. Idan kwamfutar ba ta da ƙarfi, manhajojin biyu suna iya samar da ƙananan kwafi marasa nauyi da za a yi aiki da su, sannan su koma ga na asali lokacin fitar da fim.

Mataki na biyu shi ne rubuta hirarrakin kalma bayan kalma, tare da minti da daƙiƙar kowace magana. A kan takarda ake fara zaɓe. Daga nan a jera zaɓaɓɓun maganganu a kan layin aiki na manhajar, a saurare su ba tare da kallon hoto ba. Idan labarin bai tsaya da kunne ba, ado ba zai tsayar da shi ba.

Mataki na uku shi ne rufe gaɓoɓin yanka da hotunan kasuwa ko hanya ko gona, da barin murya ta riga hoton mai ita shigowa da daƙiƙa ɗaya ko biyu domin sauyin ya yi laushi. Gyaran launi da kiɗa su ne na ƙarshe.

4.0 Nahawu a Bakin Almakashi

Korewa a Hausa sau da yawa tana da "ba" biyu, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. Manomin da ya ce "ba mu koma gona ba", idan aka datse farkon jimlarsa da ƙarshenta domin rage tsawo, abin da zai saura shi ne "mu koma gona". Koke ya zama kira. Haka nan "wai" da "an ce" su ke raba abin da mutum ya ji da abin da ya gani da idonsa. Cire su yana mayar da mai ba da labarin ji-ta-ji-ta mai shaida, kuma a yankin da ake zargin masu kai rahoto, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Bugu da ƙari, Bahaushe kan fara da godiya da yabo, sai ya ajiye ainihin ƙorafinsa bayan "sai dai" ko "amma". Wanda ya yanke kafin nan ya ɗauki ɓawo ya bar ƙwaya.

Hoto ma yana da irin wannan nahawu. Tun wajen 1920 Lev Kuleshov na Rasha ya nuna cewa mai kallo kan fassara fuska gwargwadon hoton da aka jera kusa da ita. Ke nan idan aka nuna ƙonannen gida, aka biyo da fuskar makiyayi a kasuwa, an tuhume shi ko da ba a furta kalma ba.

5.0 Kariya da Rubutun Allo

Dusashe fuska kaɗai ba ya ɓoye mutum a garin da aka san muryarsa da rigarsa da ƙofar gidansa. Wajibi ne a duba bayan hoton, a sauya murya idan da bukata, a cire sunayen ƙauyuka daga sauti. Bidiyon waya kan adana bayanin wurin da aka ɗauke shi, don haka ba a tura ainihin fayil ga kowa. Wajen rubutun allo kuwa, a gwada nau'in haruffa tun da wuri, domin wasu ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Rashin lanƙwasa kan mayar da "ƙasa" ta koma "kasa".

6.0 Kammalawa

Ana iya koyon maɓallan manhaja cikin 'yan makonni, amma kunnen da zai gane inda jimlar Hausa ta cika sai da horo. Saboda haka ya dace sassan Hausa da na aikin jarida da na wasan kwaikwayo su haɗa hannu wajen duba finafinan ɗalibai, a riƙa gabatar da rubutacciyar hira tare da tataccen fim. Ma'aunin shi ne, idan wanda aka yi hira da shi ya kalli fim ɗin, ya yarda cewa abin da ya faɗa ke nan.