Salansar mota da injin walda: abin yi da abin bari

Kada ka ɗauki salansa a matsayin kayan ƙawa. Aikinta ta kwashe hayaƙin inji ta zubar da shi can bayan mota, nesa da hancin na ciki. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksayid, ba launi ba wari, wadda jini ke riƙewa fiye da iskar numfashi sama da sau 200. 'Yar ɓula a ƙarƙashin kujera, gilasai a rufe, ta isa ta jawo wa direba ciwon kai da gyangyaɗi a tsakiyar hanya, da iyalinsa a baya. Saboda haka duk wanda zai taɓa wannan ƙarfe, kai ne ko mai walda, ya taɓa shi da hankali.

In za ka sayi kaya, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ne, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, ka tafi da tsohon a hannunka, ko aƙalla da awon faɗin bakinsa. Ka ɗaga tukunyar salansar ka girgiza. In ka ji ƙarar wani abu a ciki, ajiye ta, farantan ciki sun saki. Ka duba ƙasanta, don nan ruwa ke kwanciya, nan tsatsa ke farawa. Sabon fenti a kan kayan gwanjo abin tuhuma ne, kankare shi ka ga me ya rufe. Ka riƙa yawo da maganaɗisu a aljihu: ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 304 ba ya kama shi sosai, mai lamba 409, wanda kamfanonin mota da yawa ke amfani da shi, yana kamawa. Dukansu suna aiki, amma kada a sayar maka da 409 a kuɗin 304. Kaurin bututu ya kasance wajen milimita 1.5.

Kada ka yarda a haɗa maka salansa da bututun famfo. Nauyinsa yana karya maratayi yana jan wuyan inji, kuma rufin zinkin da ke jikinsa, in wuta ta taɓa shi, yana tayar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da makyarkyata cikin dare.

Kada ka ƙara faɗin bututu don wai mota ta ƙara gudu. Injin lita 1.8 ko 2.0 da ba a yi masa wani sauyi ba, inci 2 zuwa 2.25 ya wadatar da shi. Ka sa masa inci 3, hayaƙi ya rage saurin fita, motar ta yi nauyin tashi. Samarin da ke cire tukunya don a ji su daga nesa kuwa, abin da suka ƙara ƙara ce kawai, kuma maƙwabci mai jinya da jariri mai barci ne ke biyan kuɗinta. Ban ga burgewa a nan ba.

Kada ka bari a cire maka indomin mota, wato na'urar tace hayaƙi da ke kusa da inji. A cikinta akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ake farautarta. In an ce maka cire ta zai rage shan mai, tambayi mai maganar ina za a kai wadda aka cire. A motocin zamani akwai na'urar auna iska a gabanta da bayanta, kwamfutar mota da su take aiki. Ka fasa indomi, fitilar gargaɗi ta kunnu, hayaƙin ya koma guba tsagwaronta. In ta toshe da gaske, nemo dalili, yawanci inji ne ke ƙona baƙin mai ko fulogi ba ya kamawa. Kuma ranar da za a yi aiki a ƙarƙashin motarka, ka tsaya a wurin, don kada a sace ta.

Ka bar salansa tana lilo a kan robobinta. Kada a liƙe ta da jikin mota da walda, domin inji yana motsi, ƙarfe kuma yana miƙewa in ya ɗau zafi. Guntun bututu mai saƙar waya da ke kusa da inji, in ya yage, a sa irinsa. In aka maye shi da sandararre, tsagewa za ta dawo a wani wuri.

Yanzu ga mai son ajiye injin walda a gida. Kada ka saya don babbar lambar da aka rubuta a kwali. Bututun salansa siriri ne, ampiya 50 zuwa 70 yake so, don haka abin tambaya shi ne ko injin zai sauko ƙasa ya riƙe wuta ba tare da tsinkewa ba. Ka karanta farantin da ke jikinsa. Akwai kason da ke nuna tsawon aikin da zai yi cikin minti 10: in an rubuta kashi 60, minti 6 ne aiki, 4 hutu. Ka duba a ampiya nawa aka yi awon, kuma a wane zafi. Ma'aunin duniya digiri 40 ne, wanda a watan Afrilu a ƙasar Hausa zafin inuwa ne kawai. Injin da ba shi da wannan faranti, bar wa mai shago abinsa.

In salansa ce da siraran ƙarafa a ranka, nemi injin MIG mai ɗaukar waya milimita 0.6 ko 0.8 da tukunyar gas. Shi ya fi sauƙin koyo a kan siririn ƙarfe. TIG ya fi kowanne tsabtar ɗinki a kan 304, amma yana son gas ɗin agon zalla da hannu da ya daɗe yana koyo, kada ka fara da shi. Waldar sanda, wadda ta cika garejinmu, ta ƙofa ce da taga da ƙarfe mai kauri. A salansa huda take yi, sai in hannun ya ƙware kuma sandar ba ta wuce milimita 2 ba. Kafin ka biya kuɗi, tabbatar akwai mai cika gas ɗin da mai sayar da wayar a garinku, da kuma wanda zai gyara injin in ya ƙone. Injin walda naɗin gida, mai wayoyi tsirara a kan katako, kada ya shiga gidan da yara ke yawo.

Ka yi lissafin wuta. Soket na ɗaki mai ampiya 13 bai wuce kilowat 3 ba, a ja wa injin layinsa na daban da waya mai kauri. Ƙaramin janareta na fitila da fanka ba zai ɗauka ba, kuma wutar da ke hawa da sauka tana kashe injin zamani mai inbata.

Wajen aikin, goge ƙarfen har ya yi fari. Haɗa bakin bututun biyu ba rata, ka ɗiga walda a wuri huɗu, ka gwada a jikin mota, sannan ka sauke ka ɗinke a kan benci, kaɗan-kaɗan kana barin ya huce. In 304 ne da 304, wayar 308L; in 304 ne da baƙin ƙarfe, 309L. In ba makawa sai a jikin mota, cire kan batir, ka kama wayar komawar wuta dab da inda kake walda. Ka san inda tankin mai da bututunsa suka bi. Motar da aka mayar mai amfani da gas, kada ka kunna wuta a ƙarƙashinta, kai ta wurin waɗanda suka san aikin. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Baƙin tabarau na kasuwa ba garkuwa ba ne. Sayi hular walda mai gilashi lamba 10 ko 11, da safar hannu ta fata, da riga ta auduga. In ido ya ƙone da hasken walda, kada a ɗiga masa madara ko ruwan sikari, a je asibiti. A 2017 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, don haka yi aikin a fili, iska tana kwashe hayaƙin daga fuskarka, yara kuma a kore su daga kallo.

Kada ka biya mai walda, kada kuma ka yarda da aikin hannunka, sai ka gwada. A waje, inji da sanyinsa, shafa ruwan sabulu a kowane haɗi, a tayar da mota, wani ya toshe bakin salansa da tsumma na 'yan daƙiƙu. Duk inda kumfa ta taso, a sauke a sake.